Ranar da Na Raba "Soki" Gida Biyu

'Yar autata tana da sikila. Idan ciwon ya taso mata, ko zane ba ta son ya taɓa ƙafarta. Mun sha gasa mata da ruwan ɗumi, mun sha hawa babur zuwa asibiti a Tudun Wada. Amma abin da ya fi sa ta yin shiru shi ne wani fim na zane da mai tura finafinai a kasuwa ya saka mini a waya.

Labarin wani mutum-mutumin ƙarfe ne, kansa kamar tukunyar miya. Ruwa ya cinye duniyarsu, shi kuma ya hau jirgi, ya faɗo tamu a tsakiyar gona. Halittar da ya fara gani akuya ce, sai ya ɗauka ita ke mulkin ƙasar. Wanda ya sa wa fim ɗin Hausa ya ba shi murya ta hanci. Zai durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, ya jama'a?" akuyar kuwa tana tauna wayar kunnensa. A nan 'yata take fashewa da dariya, ko da hawaye a fuskarta. Ni farkon fim ɗin ba ya ba ni dariya. Garin mahaifina yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, kuma na ga yadda ya ƙare rayuwarsa yana gaida mutanen da ba su san ko shi waye ba.

Fim ɗin ya ƙare mutum-mutumin yana kallon sama, bai sami danginsa ba. Kullum sai ta tambaye ni, "Baba, za su yi na biyu? Zai ga 'yan'uwansa?"

Na kai tambayar wurin mai tura finafinan. Ya ce shi dai abin da ya sani, idan fim ya karɓu ana yin na biyu. Ya latsa wayarsa, ya turo mini wani rubutu da Hausa. "Ga abin da aka ce a kansa, Baba. Ai an ce ka shiga makaranta."

Na shiga ɗin. A lokacin ban daɗe da fara zuwa ajin manya ba, bayan la'asar, muna zama a kan bencin 'yan firamare gwiwoyinmu na dukan tebur. Malaminmu ya koya mana mu riƙa yanka kalma gaɓa-gaɓa. Haka na yi a bakin gonar albasata, na bi manyan baƙaƙen da ke sama da yatsa. Ma-su shar-hi sun so, ki. Na tsaya a kan "so". Wannan "ki" ɗin ya ɗan dame ni, amma na ce wataƙila salon 'yan jarida ne. Sauran rubutun ƙanana ne, ga tsawo, sai na bar shi.

Na iske ta a kwance a rumfa. Na ce, "Auta, masu sharhi sun so fim ɗinki."

"Su waye masu sharhi?"

"Masu ilimi ne. Aikinsu ke nan, su kalli fim su faɗa wa duniya ko yana da kyau."

"Kai ka karanta da kanka?"

Na ce da kaina. Ta tashi zaune. Ranar ta ci tuwo ba a lallashe ta ba, uwarta har tana yi mini kallon mamaki. Washegari duk yaran layinmu sun ji cewa za a yi na biyu, kuma babanta ne ya karanta.

A aji na ɗaga hannu na ce na zo da abin karantawa. Na miƙe na karanta yadda na karanta a gona. Malamin yaro ne mai ladabi. Ya karɓi wayar ya duba, ya ɗan sosa ƙeya.

"Baba, a haɗe take. Soki. Sun soki fim ɗin. Suka ke nan, sun kushe shi."

Taubashina, wani masunci da muke benci ɗaya, ya buga cinya. "Kai bawana! Ana soka maka mashi kana cewa ana son ka? Allah Ya sa ba takardar kotu ba ce!"

Aji ya ɗauki dariya, ni ma na murmusa don kada a ce na ji haushi. Na roƙi malam ya karanta mini sauran. A taƙaice, sun ce labarin tsoho ne, barkwancin akuyar an ja shi har ya gundura, kuma da wuya a sake yin wani. Na tambaye shi ko mutanen nan sun kalla tare da yaro. Ya ce bai sani ba, suna can nesa. Ya ƙara da cewa sana'arsu ce, ba mamaki suna da gaskiya.

A hanyar gida na yi niyyar yin shiru. Amma ina shiga ta miƙo hannu ta ce, "Baba, karanta mini sauran, na ƙasan nan." Ita ma ta fara haɗa baƙi a makarantarsu, wata rana za ta karanta da kanta. Ni kuma abin da ya kai ni aji da furfura shi ne na gaji da a riƙe takarda a gabana a gaya mini abin da ba shi ne a ciki ba. Na zauna na gaya mata cewa na yanka kalmar a inda ba a yankawa.

Ta ce, "Akuyar ma ba su so ba?"

"Sun ce an cika maimaitawa."

"To ba zai ga 'yan'uwansa ba ke nan."

Na mayar da wayar aljihu.

Da damina ciwon ya dawo da ƙarfi. Na kunna fim ɗin na jingina wayar da filo kamar yadda muka saba. Ta kalla. Mutum-mutumin ya durƙusa, ya gaida akuya, akuya ta kama kunnensa. Na jira dariyar. Can ta ce, "Gaskiyarsu ne, Baba, ya cika maimaitawa." Ta juya fuskarta bango, ta ci gaba da nishi. Na zauna ina danna mata ƙafa, fim ɗin yana ta surutu shi kaɗai har cajin ya ƙare.

Ba ta ƙara neman sa ba, ni kuma ban goge shi ba. Yanzu ina karanta rubutun nan daga sama har ƙasa ba tuntuɓe, malam ma ya yaba. Sai dai duk inda na ci karo da kalmar nan, har yau harshena yana ɗan tsayawa a tsakiyarta.