Inna Murja da Tambaya ta Uku

Shekara arba'in da ɗaya Inna Murja ta yi a Birmingham, amma wallahi ko sau ɗaya ba ta canza yadda take amsa gaisuwa ba. Daga Kano ta biyo mijinta, injiniya, shi ya riga ta rasuwa. Ita kuwa girki ta yi a wata firamare a unguwar Lozells har gwiwoyinta suka gaza. Ƙawar mahaifiyata ce, ni Zinatu a hannunta na tashi.

Da ta faɗi a matattakala karo na biyu, ɗanta Sa'id, akanta ne a Manchester, ya yi ta zarya wajen council, wato hukumar gari, har aka ba ta flat, ɗan sashe nata ita kaɗai, a gidan tsofaffi a unguwar Ladywood. Kar wani ya ce yar da ita ya yi. Ya roƙe ta ta koma wajensa, ta ce ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba. Gidan kuma ba laifi: haya da sauƙi, ba hawa ba sauka, ga jar igiya a kowane ɗaki, in ka ja a zo maka. Kullum ƙarfe tara na safe mai kula da gidan, wata baturiya Chloe, takan kira ta na'urar bango ta tambayi lafiyar kowa.

To, nan matsalar take. Inna ba a gaishe ta ta ce ba lafiya. A wajenta rashin tarbiyya ne mutum ya gaishe ka ka tare shi da ciwo. Sai ka shigo ka zauna, ka sha ruwa, ka tambayi gajiya, ka tambayi sanyi. In ta ga ba sauri kake ba, a tambaya ta uku take cewa ai ƙirjin nan ne ya ɗan matsa mata. Na sha yi mata faɗa. Na ce Inna, mutanen nan fa abin da kika faɗa shi suke rubutawa. Ta yi dariya ta ce yarinyar nan fa ɗaki talatin za ta kira, ita ce za ta tsare ta da labarin ƙirji? Igiyar ma naɗe ta ta yi, ta sa aka ɗaure mata a sama, wai kar ta ja bisa kuskure ta tayar wa mutane hankali.

Shi ya sa duk Juma'a nake zuwa in zauna. Da haka na gano hawan jininta, na ja ta wajen GP, likitan unguwa, tana mita.

A watan Fabrairu aka tura ni aiki Manchester na mako uku. Juma'a ta biyu na kira ta ina tafe zuwa tasha. Na gaishe ta, na tambayi jiki.

"Lafiya lau, 'yata. Alhamdu lillahi."

Na ji muryarta ta yi ƙasa. Na ji fa. Amma ga mota ta iso, na ce to madalla, sai na dawo.

Ranar Talata ba ta amsa kiran ƙarfe tara ba. Chloe ta buɗe ƙofa ta same ta kan sallaya, jingine da gado, numfashi sama-sama. Likitoci suka ce ciwon huhu ne, ya fi kwana goma yana cin ta. Kwana biyu ta yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da muka je kwashe kaya ni da Sa'id, Chloe ta shigo idonta jawur, da takardar kiran safe a hannu. Kowace rana an rubuta lafiya, har ranar Litinin. Ta tambaye ni me ya sa Inna ba ta gaya mata ba. Sa'id ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma kullum yana kira, kullum amsar ke nan.

Ban ga laifin Chloe ba, ina za ta sani? Sa'id kuwa ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta faɗa, balle ta kai masa kuka. Ni ce na san sau nawa ake tambayarta, kuma sau ɗaya na tambaya. Wannan abu har yau yana cin raina.

Kafin mu rufe ɗakin na jawo kujera na hau, na kwance igiyar nan. Ta sauko har ƙasa, dab da inda sallayarta take.