Na kai tsofaffin 'yan barkwancin Japan ganin jan yashi

Muna idar da sallar asuba na tayar da motar kamfani daga unguwar Manfuha a Riyad, idona duk barci. Mudir, wato manajanmu, ya ce in ɗauki wasu baƙi biyu daga otal, in kai su wajen jan yashin da ke yamma da Riyad. Na ɗauka injiniyoyi ne. Ashe tsofaffin 'yan barkwanci ne daga Japan, sun zo yin wasa a wani bikin nishaɗi, tare da tafintansu, wani ɗan Sudan da ya yi karatu a can.

Ɗaya dogo ne mai ɗaure fuska, riƙe da mahuci na takarda. Ɗayan gajere, kumatunsa kamar an cusa masa alkaki. Na buɗe wa dogon ƙofar hagu, ya ƙi shiga, ya zagaya dama. Tafinta ya ce haka suke tsayuwa a dandamali shekara arba'in, dogo a dama, gajere a hagu, kuma ko a mota ba sa sauyawa.

A hanyar Makka muka tsaya wani gidan mai, na saya mana burodin tamis da waken ful da shayin madara na karak, duka bai kai riyal ashirin ba. Gajeren ya dangwali barkono, hawaye suka zubo, dogon ya ɗan buga masa mahucin a ka. Na yi dariya har na ƙware. Tafinta ya ce sana'ar ke nan: ɗaya ya yi wauta, ɗaya ya gyara masa. Sun fara a wani ƙaramin gidan wasa inda kujeru suka fi 'yan kallo yawa, daga baya talabijin ya ɗauke su, ya yi yayinsu, ya kuma ajiye su. Suka koma dandamali ba tare da sun rabu ba.

Ni ma na taɓa yin wannan sana'a. Ni da wani abokina mun yi shekara shida muna barkwanci a gidajen biki, har gidan talabijin na jiharmu ya ba mu fili. Shi ne wawan. Yakan shigo ya gicciya hula, in ce, "Malam, hularka a karkace take." Sai ya ce, "Hular daidai take, duniya ce ta karkace." Daga nan wasa ya fara. Amma a kasuwa shi kaɗai ake nunawa, ni ko oho. Hassada ta ci ni, na ce masa ba don ni ba da ba shi da komai, na nemi biza na taho Riyad. Shi ma ba a jima ba ya zo, yana aiki a wani shagon wanki da guga a unguwar Al-Ud. Shekara tara muna gari ɗaya, in na zo layinsa sai in canza hanya.

Mun gangara ta tsakanin duwatsu, yashin ya bayyana ja wur, raƙuma na kiwo a gefen titi. Muna cikin ɗaukar hoto gajeren ya tsaya cak, ya juya yana kallon ko'ina a firgice. Tafinta ya raɗa mini cewa tambaya yake ina ne nan, kuma yaushe jirgin ƙasan gida zai iso. Ya ce ciwon mantuwa ne ya kama shi tun bara. Dogon ya matso ta damansa, ya taɓa shi da mahucin, ya faɗi wata magana da muryar wasa. Nan take gajeren ya ba da amsa, fuskarsa ta washe, har da rausaya.

Na tambayi tafinta me ya sa dogon bai nemi wani abokin wasa ba. Ya fassara masa. Tsohon ya dube ni ya ce, "In ni kaɗai na tsaya, wa zan gyara wa magana?"

Mun ci kabsa, dafa-dukan Larabawa, a wata istiraha, wato wurin hutun matafiya, shinkafar ta yi daɗi amma ban iya cinyewa ba. Na mayar da su otal bayan la'asar. Maimakon in nufi Manfuha, sai na karya kan mota zuwa Al-Ud, wajen abokin nan nawa, ban san ko zai kore ni ba.

Na same shi yana guge wata farar jallabiya, furfura ta cika masa gemu, kansa ko hula babu. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, hularka a karkace take."

Ya ajiye dutsen gugar. Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Hular daidai take, duniya ce ta karkace." Ya share ido da gefen hannu. "Wallahi shekara tara ina riƙe da amsar nan, ba wanda ya tambaye ni. Yalla, maza shigo ka sha shayi."

Na koma ɗakinmu na Manfuha kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa: na yi shekaru ina ganin shi ya cinye mini suna, ashe ni na tafi na bar shi da rabin magana a baki.