Ranar da Soja Ya Ƙwace Makullan Baburanmu

Edita, ka yi mini uzuri ba zan faɗi sunana ba, ko da yake na san mutanen garinmu suna karantawa za su ce ai wane ne. A lokacin da abin nan ya faru ni ne shugaban 'yan kabu-kabu a wani ƙauye tsakanin Bagudo da bakin iyakar Benin. Ba ni da muƙami a jam'iyya, amma duk ɗan siyasar da ya shigo sai ya neme ni, saboda Allah ya ba ni baki. In na zauna a teburin mai shayi da safe, rediyo ma rage mata murya ake yi. Ni kuwa na ɗauka wannan surutun ilimi ne.

A daminar bara 'yan bindiga sun matsa mana lamba, gonakin nesa duk an bar su. Kullum a rediyo gardama ɗaya ake yi. 'Yan siyasa na cewa a ƙaro sojoji, a kuma ɗauki matasa aikin sa-kai, manyan soja kuwa na cewa yawa kaɗai ba zai yi magani ba, sai da horo da kayan aiki da sahihin labari. Wannan magana ta ƙona mini rai. Na riƙa faɗa a bainar jama'a cewa manyan sojan ba sa son yaƙin ya ƙare ne don da shi suke ci. Hafsan da ke riƙe da ɗan sansanin da ke gefen garinmu, wani matashi ɗan kudu mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, shi ma ya ƙi yarda a ƙara masa 'yan sa-kai. Shi ke nan, na sa shi gaba. Na ce matsoraci ne, na ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in shi bai sani ba mu mun sani. Ana tafa mini, kaina yana ƙara girma.

Wata Laraba aka kore shanun wani maƙwabcinmu, aka ce an ga sawunsu ya nufi wani kurmi da ke dab da iyaka. Nan take na tara yarana na tasha, na ce yau za mu nuna wa masu kaki abin da yawa ke yi. Mai bindigar toka ya ɗauko, mai adda ya ɗauko. Sai wani ya yi mini gatse, wai shugaba na tura 'ya'yan mutane, nasa ɗan yana ina? Maganar ta soke ni. Na je gida na kira babban ɗana, wanda ko wata biyu bai yi da aure ba, na ce ya hau bayana. Uwarsa ta biyo mu har zaure tana roƙona in dubi Allah, yaron nan ko kaza bai iya yankawa ba. Na ce mata maganar maza ce. Ta ce to, yadda na fita da shi da ƙafarsa, haka take so in mayar mata da shi. Ban ko waiwaya ba.

Muna isa shingen sojoji muka tarar da hafsan nan tsaye a tsakiyar hanya. Ya gaishe ni, ya kira ni Baba, ya ce ba mai wucewa yau. Na tambaye shi dalili, ya ce ba zai iya faɗa ba. Kai, ranar na yi ɓaram-ɓarama! Na ce asirinsa ya tonu, yana tsare wa abokan cinikinsa hanya ne. Ya sa yaransa suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suka zare makullan baburan, ya zuba su a aljihu, ya nuna mana gindin wata tsamiya ya ce mu huta. Har ruwan sha ya aiko mana, na shure jarkar da ƙafa. Muka yi Azahar a nan, ina sallame salla na ci gaba da zaginsa daga inda na tsaya.

Kafin La'asar muka ji rugugi daga sama. Jirgin yaƙi ya wuce ta kanmu, ya miƙe sak wajen kurmin nan. Jim kaɗan ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe daidai inda da muna ciki a wannan lokacin. Sai wani dattijon soja ya matso ya tambaye ni a hankali, in ni ne a cikin jirgin, na hango babura a jere, goyon biyu-biyu, da bindigogi a rataye, su wa zan ce ne? Na juya na ga ɗana zaune yana ɓare gyaɗa, bai ma gama fahimtar abin da ya faru ba. Na fashe da kuka a gaban yaran da nake shugabanta, ban ji kunya ba.

Da hafsan ya zo mayar da makullan, na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai Baba, da ya faɗa mana zancen jirgin, da kafin ya rufe baki labari ya isa daji. Ya ƙara da cewa shi ma uwarsa na can gida tana jiransa, shi ya sa in ya ji ana cewa a ƙaro mutane, iyayensu yake fara tunawa. Da muka koma gida muka tarar da uwar yaron a zaure, ashe tun da ta ji ƙarar nan ba ta koma ciki ba. Ta shafa kan ɗanta, ta yi hamdala, ni kuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma na san na cancanci haka.

Har gobe ban san wa ya fi gaskiya a gardamar manya ba, ƙila ana bukatar ƙarin sojojin, ƙila ba a bukata. Abin da na sani shi ne na zargi mutum da cin amana ba da hujja ba, kuma da hannunsa Allah ya tsare mini gida. Ina jan kunnen masu baki irina, musamman na teburin shayi: kafin ka ce a tura mutane daji, ka fara sa fuskar naka ɗan a sahun gaba, ka ji ko bakin zai iya ƙarasawa. Bana aka yi wa ɗan nan nawa haihuwa. Ranar suna da aka miƙo mini jaririn, na rungume shi ina hamdala, don na san saura ƙiris in mayar da shi maraya tun yana ciki.