Malam Isyaku Kabo da Ƙarar Rim

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Isyaku a shekarar 1957 a Gyadi-Gyadi, Kano. Mahaifinsa Malam Mu'awiya Kabo tela ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Huraira. A 1970 ya shiga wata makarantar kwana wadda ba ta da ƙararrawa, sai wani tsohon rim, wato ƙarfen tayar mota, da aka rataye a jikin darbejiya, wanda ake kaɗawa idan abinci ya sauka. Kafin ya kammala, ƙarar ƙarfen kaɗai ta isa ta cika masa baki da yawu.

Aiki

Ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma daga 1983 ya koyar da shi a wata kwaleji. Darasinsa mafi shahara shi ne cewa idan aka yawaita haɗa wata ƙara da abinci, jiki yakan amsa ƙarar ko da babu abincin, kuma maganin abin shi ne a riƙa jin ƙarar ba tare da an ci komai ba. Ɗalibansa sun shaida cewa bai taɓa rasa misali ba.

Aure da iyali

A 1986 ya auri Uwani, suka tare a Tarauni. Bayan shekara biyu wani mai faci, Ebuka Obiechina, ya buɗe rumfa a jikin katangarsu, yana dukan rim daga safe zuwa magariba. Da Uwani ta lura cewa maigida yakan leƙo kicin duk sanda aka buga, sai ta riƙa tararsa da kwano. Cikin shekara goma aka sake masa ɗinkin riguna gaba ɗaya.

Shekarun ƙarshe

A 2017, shekarar da ya yi ritaya, likita ya same shi da ciwon sukari, ya ce ko ya rage ci ko ya rage kwana. Malam ya ƙuduri aniyar yi wa kansa maganin da ya koyar, ya dasa kujera kusa da rumfar Ebuka, ya hana a kawo masa komai. A nan ya gano cewa ba shi kaɗai ƙarar ta kama ba, domin da an buga Uwani takan miƙe ta zubo abinci.

"Malam, wallahi ban san na taso ba," in ji ta. Shi kuwa bai taɓa mayar da kwano ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Yuni na 2023, aka binne shi a maƙabartar Tarauni. Saboda girmamawa, Ebuka ya rufe rumfa a kwanakin makoki, sakamakon haka masu ta'aziyya suka wuni ba a fito da ko loma ba, har sai da Rabi'u, babban ɗan marigayin, ya ari guduma ya buga rim ɗin da kansa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Rabi'u, Asabe, Safiyyah da Maryam. Babu ɗayansu da ke wuce mai faci bai haɗiyi yawu ba. Allah ya jiƙansa.