Taɓaryar Kura

Kafin ruwan Tiga ya cinye garinmu, kakata Iya Dije ce mai tatsuniya a gidanmu. Da an idar da isha'i sai mu kewaye murhu, ita kuma ta kifa ƙwarya a cinya. In wani ya taka ƙasa a labari, a daidai nan take buga ƙwaryar, ba gaba ba baya. Wanda ya yi gyangyaɗi kuwa, kansa ne ƙwarya.

"Ga ta nan, kuma ba na maimaitawa," haka take farawa.

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta kurar da ta ɗaura zane ta shiga cikin masu daka, tana hakon akuyar gidan. Ba ta iya daka ba, sai ta sa kwaɗo ya laɓe bayan danga yana buga kututture a madadinta. To, kwaɗo ba ya ganin taɓarya. Sai a ji dum! alhali taɓarya tana sama. Nan kaɗai Iya ke saɓa bugu da gangan: hannun dama a sama, na hagu ya doki ƙwarya. Wata tsohuwa ta lura, ta fizge zanen, sai ga jela.

"Ido ya ga daban, kunne ya ji daban," in ji Iya, "to, a duba zane."

Bana ɗan ƙanena Sabi'u, mai karatun kwamfuta, ya zo Bebeji ya ɗauki muryata da bugun ƙwaryata ina ba da tatsuniyar nan, wai zai yi katun, wato zane mai motsi, ya watsa a waya. Ya dawo yana hura hanci.

"Gwaggo, dubi aiki! Hoto-hoto na bi, kowane motsin baki ya hau kan maganarki. Har dakan kurar nan da kika yi kuskure, sautin yana riga taɓarya, kwana uku na yi ina gyarawa."

Na duba. Kura tana daka tsaf, ta fi ni iyawa. Sai ga tsohuwa ta taso ta tuɓe baiwar Allah ba gaira ba dalili. Haka jikokinmu za su san labarin Iya: tsohuwar nan ce azzaluma, ba kura ba.

Na ce, "Malam mai ilimi, me kurar ta yi aka kama ta?"

Ya koma duba katun ɗin, ni kuwa na ƙara da cewa:

"Ba inda muryata za ta je sai ka mayar da kuskuren inda ka same shi."

Da, na ɗauka Iya kan maƙaryaci kawai take ja mana kunne. Ashe har da mai gyara kafin ya saurara. Murhunta da kabarinta suna ƙarƙashin ruwa. Bugun nan da ya saɓa shi ne gadona. Ƙurungus, na ce ya je ya ɓata gyaran da ya yi.