Tabarau a Kwalin Malam

Aikin farko yau: buɗe aji biyu, share allo.

Na share, Malam. Rubutunka ne a kai, na ranar Litinin. Na daɗe riƙe da dasta kafin hannuna ya yarda.

Da safiyar Talata, tara ga wata, labarin rasuwarka ya iso ofis ina tsakiyar buga takardu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. An ce kana ɗaura takalmi za ka taho makaranta, sai ka dafe ƙirji. Shekara goma sha ɗaya ina buga maka tambayoyin Turanci, ban taɓa jin ka ce ko kanka na ciwo ba.

Yara Malam Kwali suke ce maka, ka sani, ba ka kuma taɓa hana su ba. Ba ka shiga aji da littafin darasi, sai da tsohon kwalin sabulun nan. Ka ciro madubi ka ce wannan ne kamance, abu ya tsaya kusa da abu har a ga kama. Igiya mai ƙulli uku ita ce zubin labari: farko, tsakiya, ƙarshe. Agogon teburin da kake cewa ya tsufa yana tari, shi ne mutuntarwa. Balan-balan kuwa kambamawa ce, kana hura ta yara na toshe kunne. Sai sun faɗi abin da bakinsu kake rubuta musu sunansa da Turanci. Duk ta taga nake gani, idan na kawo takardu.

Ban manta shekarar da na tsallake shafi guda na jarrabawarka ba. Ka je ka ce wa shugaban makaranta haka ka ba ni. Ba ka sake ta da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni gode maka.

Jiya shugaba ya kira ni. "Tafireta, kai za ka riƙe ajin kafin a turo wani. Saura mako uku jarrabawa, kai ka fi kowa sanin tambayoyinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sakandare kaɗai na yi."

Ya ce, "Allon ma bai yi jami'a ba."

Tsoro nake ji, Malam. Yara arba'in da shida ne, wanda ya faɗi ba zai shiga aji uku ba, kuma ko layi ɗaya na shirin darasi ba ka bar mana a rubuce ba. Yau na tsaya gabansu da alli a hannuna. Da na rasa abin faɗa, sai na buɗe kwalin, yana nan inda ka bar shi. Ina cirowa suna kiran suna, wasu na kuka. Har na zo kan wani tabarau mai fasasshen gilashi. Yaran suka juyo suna kallona. Ba ka kai su nan ba.

Nawa ne. A bara na jefa shi kwandon shara, ka ɗauka ka ce, "Kada ka yar, yana da aiki."

Na duba manhaja sau uku. Darasi ɗaya ya rage: da idon wa ake ba da labari. Ina jin so ka yi kowa ya sa tabaraun ya faɗi yadda yake ganin ajin. Amma in ba haka ka nufa ba fa? In na koya musu kuskure da sunanka? Da la'asar na je na tambayi uwargidanka. Ta ce, "Ɗan'uwa, ni ma ba ya gaya mini. Sai dai in nemi madubina in rasa." Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya sa duk kalmar da ka koyar ta zame maka shaida. Ga uwargidanka, da 'ya'yanka mata uku, da ƙanenka, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe:
Sayo balan-balan, ta cikin kwalin ta huje.
Mayar wa uwargida madubinta, in kawo namu na gida.
Karanta babin manhajar sau biyu kafin kararrawa.
Goge tabarau. Ni zan fara sawa.