Garin da Kaka ba ta kama sunansa

Jiya maƙwabciyata tana suyar gyaɗa cikin yashi, ƙamshin ya tsallako katanga, sai ga ni a ɗakin kakata a Daura, ina 'yar shekara goma sha wani abu, ina ɓare mata gyaɗa tana yi mini tsiya wai abin da nake kaiwa baki ya fi wanda nake zubawa a ƙwarya.

Mu asalinmu ba Daura ba ne. Kakanmu namiji daga ƙetaren iyaka ya zo, shekarar wata yunwa, shi da Kaka da jaki ɗaya, kuma ya rasu Baba na goye. Waɗanda suka san su a can ba ko ɗaya a kusa. Garin da suka baro, kamar ƙauyuka da yawa, sunan wanda ya sari dajin yake amsawa, wato mahaifin kakanmu. To ka ji inda gizo ke saƙar. Surukin Kaka ke nan, kuma macen zamaninsu ba ta kama sunan suruki ko da wuƙa a wuya. In zance ya biyo ta nan, sai ta ce "can garinsu", ta nuna arewa da haɓa.

Ba wanda ya damu sai da yayana ya tashi aure, a shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jihohin Arewa. Iyayen yarinyar mutanen kirki ne, amma akwai bin diddigi. Suka ce a faɗa musu garin kakanni su tura a yi bincike, kamar yadda aka saba. Baba ɗan fari ne, ko gaisuwarsa Kaka da kai take amsawa, balle hira. Sai aka turo ni, tunda jika ba ta da shamaki.

Na yi lallashi, na yi wasa, na yi ta jero sunayen maza ko zan dace ta gyaɗa kai. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ba da ita za a yi wannan rashin ta-ido ba. Baba ya ɗauko malamin unguwa, malamin ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayani cewa babu inda addini ya hana. Ta saurara har ya gama.

"Malam, na san ba haramun ba ne," in ji ta. "Bakin ne ba zai iya ba. Amma ƙafata ta san hanya. A bari a gama girbi, a ɗora ni a babur zuwa Mai'adua bakin iyaka, daga nan ni zan kai ku har ƙofar gidan."

Tsakiyar damina ce, gero ko kai bai fitar ba, hanyoyin ƙauye duk ruwa. Iyayen yarinyar suka ɗauka wani abu muke ɓoyewa. Kafin a kai ga yankan gero sun ba wani ita. Yayana ya daina leƙa ɗakin Kaka da safe. Ni ma wallahi na ji haushinta, har na kwashe tabarmata na koma ɗakin Inna.

Da aka gama zuba hatsi a rumbu, wata safiya na tarar da ita a zaure, ta yafa mayafinta na unguwa, ƙunshin kaya a cinya, har da ƙullin goron gaisuwa. Baba ya raɓa ta gefenta zai tafi kasuwa, ya ce in gaya mata tafiyar ba ta da sauran amfani. Na gaya mata. Ta zauna har rana ta take, sannan ta koma ɗaki. Ba ta sake tada zancen ba, mu ma ba mu tambaya ba. Azumi na zagayowa ta rasu.

Matan yanzu sunan miji suke kira gatsal a waya, har na suruki in ta kama, kuma ban ce sun yi laifi ba. Autana yana ta haɗa sunayen dangi a wayarsa, ɓangaren ubansa har ya kai kakan kaka. Da ya zo kan nawa ya tambaye ni garinmu, na ce ya sa "arewa da Mai'adua". Ya ce wannan ai ba gari ba ne. Na ce na sani. Wadda za ta kai mu ta shirya tun da sassafe, mu ne ba mu kawo babur ba.